Inda Labarin Bai Kai Ba

Mai Burodi ba ɗan garin ba ne. Wucewa ya zo yi yana saurayi, da jaka ɗaya a kafaɗa, zai tafi can babban birni neman abin yi, sai motar da ya hau ta lalace a tasha. Kafin a samo makaniki ya ji ana neman mai lodi a wani gidan burodi da ke bayan kasuwa. Ya ce bari ya yi sati guda ya huta gajiya. Yanzu furfura ta cinye masa kai, wanda ya ɗauke shi aikin ya daɗe a ƙasa, ɗansa ne ke riƙe da gidan, amma har yau in aka tambayi Mai Burodi sai ya ce shi baƙo ne, bai gama yanke shawarar zama ba.

Garin kuwa irin wanda ke yi wa mutum haka ne. Hedikwatar jiha ce, da gidan gwamna da sakatariya da asibitin gwamnati, da filin jirgin sama wanda jirgin ke sauka ranar da ya ga dama. Akwai gadar sama guda ɗaya, an gina ta a daidai inda ba a taɓa yin cunkoso ba, masu keke ne suka fi morar ta. Akwai shataletale mai famfon ado a tsakiya, wanda rabonsa da tsartar da ruwa tun ranar da aka yanke ƙyallen buɗe shi. Motoci kan taru sau biyu a yini, lokacin da ma'aikata za su ofis da lokacin da suka tashi, kuma ko shi ɗin ba ya kai direba ya kashe inji. 'Yan babban birni in sun zo sai su ce ƙauye ne aka sa wa fitilu. 'Yan ƙauye in sun zo sai su damƙe hannun 'ya'yansu gam. Mai Burodi dai da taya ya san girmansa. In ya yi lodi da sassafe a tsohuwar farar bas ɗin da aka cire wa kujerun baya, kafin rana ta yi zafi ya zagaye shagunan garin kaf, burodin ƙarshe ma da sauran ɗuminsa.

A nan ya koyi tuƙi, a nan ya yi aure. Matarsa ita ce mai ba da kati a asibitin gwamnati, ta wata taga mai ƙarafa, shi ya sa duk garin Mai Kati ake ce mata, har shi mijin. Mace ce mai faɗa da dariya a haɗe. Za ta daka maka tsawa don ka tsallake layi, kafin ka gama jin haushi ta tambaye ka jikin mahaifiyarka. Duk wanda ya taɓa zazzaɓi a garin ya san fuskarta. Suka haifi 'ya ɗaya, suka zauna a gida mai ɗaki biyu da bishiyar lemo a tsakar gida, irin gidan da a babban birni sai manajan banki. Ruwan famfo yana zuwa, ba kullum ba, amma yana zuwa. 'Yar ta yi makaranta da ƙafa tun daga firamare har kwaleji, ta yi aure, mijin ya ɗauke ta zuwa birnin nan da uban bai taɓa ƙarasawa ba. Rayuwa dai ba yabo ba fallasa, kuma su biyun ba su taɓa jin an rage su da wani abu ba.

Mai Kati ta yi ritaya, ta koma gida tana fama da ciwon gwiwa da rikici da kajin maƙwabta. Wata rana ya dawo daga rabo ya same ta a kan kujerar roba a ƙarƙashin lemon, tsintsiya a kusa da ƙafarta, kai ya ɗan karkata. Ya yi mata magana a kan ƙofar da ta bari a buɗe kafin ya gane rai ya yi halinsa. Ba ta yi jinya ba, ba ta bar masa ko kalma ba.

A ƙauye mutuwa ba ta buƙatar ɗan aike, kafin a kai mutum makwanci kowa ya ji. A babban birni kuma ba mai tambayar ka matarka, don ba a ma san kana da ita ba. Wannan garin shi ne ya tsaya a tsakiya, ya ƙi ƙanƙanta ya ƙi girma. Kowa ya san Mai Kati, amma ba kowa ne ya ji ba. Unguwarsu ta ji, asibiti ya ji, aka cika gida aka watse. Da ya koma bakin aiki sai ya tarar sauran garin na jiransa da fara'a.

"Mai Burodi, kwana biyu! Ina Mai Kati? Don Allah a gaishe ta."

Sai ya sauke akwatin burodin, ya miƙe, ya ce, "Ai Allah ya yi mata rasuwa."

Daga nan sai salati, sai hannu a baki, sai "Yaushe? Me ya same ta? Wallahi ban ji ba!" Shi ne zai tsaya ya ba su haƙuri, ya ce ai ba komai, gari da faɗi. Ya shiga mota, ya matsa shago na gaba, a sake daga farko. A shagon farko da ƙyar ya faɗa. Kafin ya gama layin sakatariya maganar ta fara fita sumul, daga baya ma ta koma tamkar tambayar burodi nawa za a sauke. Mutane suka ce kai, mutumin nan akwai dauriya. Ba dauriya ba ce ko kaɗan. Wani abu ne ya mutu a cikinsa, irin yadda ƙafa ke mutuwa in an daɗe zaune a kanta. Yana cin abinci, yana aski, yana duba man inji, yana amsa gaisuwa. Hawaye ne dai ko ɗigo, tun ranar farko.

'Yarsa na kira a waya. "Baba, ka taho wurinmu mana. Me ka ajiye a garin nan?"

"Mutane na jiran burodi," shi ke nan abin da yake cewa.

Shagon ƙarshe a zagayensa yana bakin wata gadar rafi, inda kwalta ke ƙarewa gari ya fara rikiɗa gonaki. Mai shagon tsohuwa ce, da can ita ce mai wankin zannuwa a asibiti, kuma tun Mai Kati na budurwa ta ɗauke ta ƙanwa. Mai Kati Yaya take ce mata, shi ma mijin ya bi sahu. Shagon bai wuce ka miƙa hannu ka taɓa bango biyu ba: suga, ashana, sabulu, kananzir, sai burodi. Masu sayenta manoma ne da direbobin manyan motoci masu wucewa, ba 'yan cikin gari ba. Waya kuwa Yaya ta daɗe da jefa tata a gwangwanin alewa, ta ce banda 'yan damfara ba mai kiranta.

Ranar da ya koma aiki, a gajiye ya iso wurinta, bakinsa ya bushe da faɗar abu ɗaya.

"Mijin ƙanwata!" in ji Yaya tun kafin ya kashe mota. "Ina ka shige aka turo min wani mai fuskar shanu da burodi? Na ce ko ka samu wata ka gudu. Ina ita? Har yanzu gwiwar ce?"

Ya buɗe baki. Maganar tana nan a shirye, ta sha fita. Amma abin da ya fito shi ne, "Har yanzu gwiwar."

"Ai dole. Ka ce mata ta rage zama a kujerar nan kamar matar gwamna. Ka gaishe ta."

"To, Yaya."

Bai shirya ba, wannan kam gaskiya ne. Sai da ya koma mota ya kama sitiyari ya lura da abin da ya faru. Daga bakin gada har zuwa inda hanya ke tsallaka layin dogo, Mai Kati tana gida. Tana ƙarƙashin lemo, ta miƙe ƙafa, tana jiran ya dawo ta ce ya daɗe. Ba farin ciki ya ji ba, wannan ya yi masa nisa. Ɗan ɗumi ne kawai a ƙirji, kuma rabonsa da jin ko wane irin abu a wurin tun ranar. Da ya tsallaka layin dogo abin ya tafi.

Washegari ya ce zai faɗa wa Yaya. Ya iso, ta tambaya, ya ji bakinsa yana cewa, "Ta ce ke ma ki rage surutu, kunnen masu saye ya huta."

Yaya ta yi dariya har da dukan cinya. "Ja'ira! Tana nan da halinta."

Daga nan abin ya zama jiki. Shekarun da ya yi yana jin bakin Mai Kati ba su tafi a banza ba, ya san abin da za ta ce a kan komai, ya san ma inda za ta ja tsaki. Kullum sai ya kawo amsa, kullum sai ya koma da saƙo. Yaya ta fara ba shi man zafi a kai mata, yau na kwalba gobe na gwangwani, wanda wani direba ya rantse ya tayar da uwarsa daga kwance. Shi kuma ya karɓa da hannu biyu, ya kai gida, ya jera a kan tagar ɗakinta.

Ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce. Tsohuwar nan tana da haƙƙin ta yi kukan ƙanwarta kamar kowa, shi ya danne mata. Ba wanda zai wanke shi a kan wannan, shi ma bai nemi a wanke shi ba. Abin da ya sani kawai shi ne a duk faɗin garin saura wuri ɗaya da matarsa ke da ciwon gwiwa, sauran wuraren duk marigayiya ce.

Labarin kuwa bai tsaya ba. A irin wannan gari magana ba ta gudu, amma ba ta fasa tafiya. Mai Burodi yana kallon ta tana matsowa shago bayan shago. Masu shayin tasha suka ji. Mai askin da ke gab da layin dogo ya ji. Rannan mai sayar da mai a gidan man ƙarshe ya rage murya ya ce masa ya haƙuri, alhali daga gidan man ana hango rufin shagon Yaya. Tsoro ya shige shi, kuma tsoron nan shi ne abu na biyu da ya iya ji. Ya fara abin da dattijo bai kamata ya yi ba. In ya hango wani da ya sani tsaye a shagon, sai ya wuce kamar mai zuwa gona, ya laɓe bayan gada har mutumin ya tafi. In Yaya ta ce wani ɗan cikin gari ya biyo jiya, sai ya tsaya yana karantar fuskarta.

Ruwa ya sauka, ya yi nisa, masara ta fi mutum tsawo a bayan gada. Wata safiya ya iso ya tarar da kwaɗo a ƙofar shagon. Yaya na zaune a kan benci, ta sha mayafinta na fita, da leda a cinya.

"Yau ƙafata ƙafarka," ta ce. "Burodin ka ba maƙwabta. Ciwon gwiwa ba ya hana mutum ganin 'yar'uwarsa wata da watanni. Ko dai kai ka ɗaure ta, ko ita ta yi fushi da ni, yau sai na ji da kunnena."

"Yaya, gidan ba a gyara ba."

"Ni baƙuwa ce? Buɗe min ƙofar nan."

Da ya ce Mai Kati ta yi tafiya wurin 'yarta, da an wuce wurin. Dabarar ba ta zo masa ba sai da Yaya ta riga ta hau ta gyara zama, kuma ko da ta zo, ya ji ba shi da ƙarfin ɗaga ta. Ya tayar da mota.

Ya ce a ransa zai faɗa mata a layin dogo. Suka tsallaka, tana ba shi labarin yadda da can duk nan gonar rake ce, kura ma tana kuka. Ya ce to a shataletale. Suka zagaya shi tana tsine wa wanda ya cinye kuɗin famfon. Ya ce to a danja, in ta tsayar da su. Danjar da kullum sai ta ɓata masa lokaci, yau tun daga nesa ta ba shi hannu. Ya karkata ya bi ta gadar sama, hanyar da ba ta kai wa gidansa, Yaya ta riƙe ƙofa tana cewa ita dai a sauke ta ƙasa lafiya, ba ta zo yawon buɗe ido ba. Daga can sama ya ga garin gaba ɗaya: hasumiyar ruwa, koren rufin sakatariya, kasuwa, filin ƙwallo, har bishiyoyin unguwarsu. Duk tsawon zamansa abin da yake yabon garin da shi ke nan, ko'ina kusa ne. Yau ya yi fatan a ce irin birnin 'yarsa ne, inda mutum kan wuni a hanya bai isa ba.

Suka bi ta gaban asibiti. Yaya ta nuna tagar mai ƙarafa, wata yarinya ce yanzu a ciki tana latsa waya. "Dubi wai wannan ce a kujerar ƙanwata," ta ce. Wani tsohon maigadi ya ɗago hannu daga bakin ƙofa, ya fara sunkuyar da kai irin na mai gaisuwar rashi. Mai Burodi ya danna hon, ya taka mota.

Sai ga layinsu. Sai ga ƙofar gidan. Bai faɗa ba.

Yaya ba ta jira shi ba. Ta dira da ledarta, ta tura ƙofa, tun daga soro ta ɗaga murya.

"Ke Mai Kati! Fito ki ga wadda kika yasar! Ko sai na shigo na jawo ki da gwiwar taki?"

Ya tsaya a bakin soro da makullin mota a hannu. Rabon gidan nan da a kira ta haka, da ƙarfi, da tsokana, kamar mai shirin amsawa, tun ranar. Ya kamata ya tare tsohuwar, ya riƙe ta, ya zaunar da ita. Bai yi ba. Ya bari ta sake kira, kuma ya saurara har ƙarshe.

A tsakar gida Yaya ta rage sauri. Ganyen lemo ya rufe ƙasa, lemon da ya faɗo ya ruɓe a inda ya faɗi. Duk wanda ya san Mai Kati ya san ko da rarrafe sai ta share wannan. Yaya ta ɗaga labulen ɗakin. An jingine katifa a bango. Takalma a wanke, a haɗe, a ƙarƙashin gado. A kan taga ga kwalabe da gwangwanaye a jere, ko ɗaya ba a buɗe ba.

Ta daɗe a ciki. Da ta fito, ledar na hannunta har yanzu.

"Yaushe?"

"Tun kafin ruwa ya sauka."

"Ranar da na tambaye ka gwiwa..."

"An riga an yi."

Ta lalubi kujerar robar ta zauna. Ya so ya ce ba wannan kujerar ba. Sai kuka, irin na tsofaffi, mai fita daga can ƙasan ciki ba kunya. Matan maƙwabta suka shigo da gudu, suka kewaye ta suna ba ta haƙuri, suna kallonsa ta gefen ido. Shi yana tsaye inda yake. Yana jin kukan sarai, ya san na matarsa ne, amma bai kai gare shi ba.

Da ta samu numfashi ta ɗago. "Duk gari ya yi kukanta sai ni. Ni ina can ina ɓaɓɓaka dariya, ina aika wa kabari man zafi. Abin wasa ka mai da ni?"

"Ba haka ba ne, Yaya."

"To yaya ne? Faɗa min, ga ni."

Can ya ce, "A wurinki kaɗai ta rage."

Yaya ta dube shi, ta daɗe tana duban sa, ta share fuska da gefen mayafi.

"Maganganun nan da kake kawo min, wa yake faɗa?"

"Ni ne."

"Har da na surutun?"

"Har da shi."

"Haka za ta ce kuwa," in ji Yaya. Sai kukan ya dawo sabo.

Ba ta tsine masa ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Da za ta tafi ya ce zai mayar da ita, ta ce a'a, ta gode, maƙwabciya ta raka ta titi ta sa ta a tasi. Ledar ta bar ta a gindin lemo. Bai duba abin da ke ciki ba.

Gari ya waye, ya yi lodi kamar kullum. Ya bi layin sakatariya, ya bi kasuwa, ya bi tasha, ya tsallaka layin dogo. Shagon bakin gada a buɗe yake. Yaya na ciki tana ƙulla suga a leda, idanunta a kumbure. Ya sauke akwatin a inda ya saba, ta kwashe burodin ta jera a kan kantar shagon ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta rage murya, irin yadda duk garin ke yi masa.

"Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Yaya."

"Allah ya jiƙanta."

"Amin."

Ya ɗauki akwatin, amma bai tafi ba. Ya juya shi, ya kakkaɓe ɓurɓushin da ke ciki, ya duba wata ƙusa da ta ɗan fito. Wani manomi ya zo sayen ashana, ta sallame shi. Ta waiwayo ta ga har yanzu yana tsaye.

"Akwai wani abu ne?"

Ya ce babu. Ya sa akwatin a mota, ya juya kanta zuwa cikin gari, inda babu sauran mutum ɗaya da zai ba shi saƙo ya kai gida.